Gurnani yana shiga sautin da nake ɗauka da zarar na jona caja

Assalamu alaikum. Ina koyon ɗaukar sauti a Jekadafari, cikin garin Gombe, da manhajar sarrafa sauti ta Audacity, da makirufo mai cin wutar 48V, da na'urar shigar da sauti ta USB. Da zarar na jona cajar laftof a soket, sai wani gurnani mai kauri ya kwanta ƙarƙashin murya, musamman idan janareta ke aiki. In na zare cajar yakan ɗauke ɗif, amma batirin ba ya kai ni ƙarshen aiki.

Na canza wayar XLR da ke haɗa makirufo da na'urar, na nisanta ta da wayoyin wuta, duk a banza. Plot Spectrum, ma'aunin mitar sauti na Audacity, ya nuna ƙarar ta taru a 50Hz, da 100, da 150. Notch Filter, mai yanke mita ɗaya, ya cire ta farkon kawai, Noise Reduction kuwa, mai rage hayaniya, ya mayar da muryar kamar ana magana cikin tulu, har kalangun da na ɗauka ya rasa zurfinsa, wanda shi ne ya fi damuna. Na kuma lura soket ɗin ɗakin ba shi da wayar da ake binnewa a ƙasa.

Don Allah masana, shin haɗa wannan wayar kaɗai zai kashe gurnanin?