Amanar Bature a Adakar Kaka: Wa Ya Taɓa Gano Dangin Matuƙin Jirgi na Zamanin Yaƙin Hitila?

Jikan Kuku, Fagge

Assalamu alaikum. Bayan sadakar arba'in ta kakarmu, muna fitar da kayan ɗakinta, sai muka ci karo da wani tsohon gwangwanin taba a ƙasan adaka. A ciki akwai hoton wani saurayi Bature da kakin sojan sama, da wasiƙa a liƙe wadda ba a kai ga aikawa ba. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, kuku ne a masaukin matuƙa na filin jirgin Kano lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da Baba ya ji daga bakinsa shi ne, zazzaɓi ya kwantar da yaron nan a Kano, kakanmu ya yi ta jinyarsa har ya miƙe. Ran da zai tashi ya ba shi ajiyar gwangwanin, ya ce in ya dawo zai karɓa. Ya yi gabas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Amana ce ta haura shekara 80 a gidanmu, kuma tun ranar da na gan ta na kasa sukuni. Akwai suna da lambar soja a bayan hoton, amma ambulan ɗin "Mama" kawai aka rubuta masa, babu adireshi. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan nema ya faɗa mini ta inda ya bi.

Malamar Tarihi, Zariya

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabata. Ɗan'uwa, da alama baƙon kakanku yana cikin masu kai jirage ta hanyar Takoradi, tashar jiragen ruwa a ƙasar Gana ta yau. Da Italiya ta shiga yaƙin a Yunin 1940, Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a haɗa su a can, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (Njamena ta yau), Janaina da Fashir a Darfur ta Sudan, Khartum, har Alƙahira. An fara a Satumban 1940, kuma zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta nan. Hazo da zafi da rashin alamar hanya sun ci matuƙa da dama.

Fara da shafin CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen Kwamanwel. Kyauta ne. Sa lambar sojan kafin sunan, don Turawa ma suna da takwarori birjik. In ya mutu a yaƙin za ka ga ranar da inda aka binne shi, sau da yawa har da sunan iyayensa da garinsu. In ba a ga gawarsa ba, sunansa zai fito a bangon tunawa na Malta ko na Alamein. Na gwada da ɗalibaina a kan wasu kaburbura, ba mu yi awa guda ba muka samu wannan. Daga nan ne tafiyar ke tsauri.

Baƙon Bamingam

Gaskiyar Malama. Gano mamaci abu ne mai sauƙi, Turawa sun rubuta komai. Tsallakawa daga mamaci zuwa mai rai shi ne aikin, ni sai da na shafe wata bakwai.

Nawa ya faro ne daga wani maƙwabcinmu dattijo da ya ji ni ɗan Najeriya ne. Ya ce abokin mahaifinsa ya mutu a hatsarin jirgi a Afirka ta Yamma, littafin da mamacin ke rubuta tashinsa da saukarsa yana hannunsu, yana so ya mayar wa danginsa kafin ta Allah ta kasance. Na ce zan taya shi.

Kuskurena na farko, na yi ta bin sunan mahaifi. Yawancin yaran nan sun mutu suna da shekara 20 zuwa 25, ba mata ba ɗa. Zuri'ar da ta rage ta 'yan'uwansu ce, kuma in mata ne, aure ya sauya musu suna. Saboda haka ta wajen mata ake bi. A Ingila da Wales, tun daga 1911 jerin haihuwa yana nuna sunan gidan su uwa, wato sunan da take amsawa kafin aure. A shafin FreeBMD, mai ɗauke da jerin haihuwa da aure da mutuwa, na haɗa sunan uban da na uwar, sai ga yara huɗu a gunduma ɗaya: shi, da ƙanne mata uku. Na bi aurensu ɗaya bayan ɗaya, na bi 'ya'yansu ta wannan dabarar.

Kada ka ɓata lokaci neman ƙidayar 1931, gobara ta cinye ta a 1942, kuma ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi. Abin da ya cike giɓin shi ne rajistar da aka yi ran 29 ga Satumba 1939. Daɗinta, an ci gaba da gyara ta shekaru da yawa, in mace ta yi aure a soke tsohon suna a rubuta sabo a samansa. A nan na ga sunan auren autarsu da idona. Sai kuma jerin takardun gado, waɗanda na wancan zamanin kan faɗi wanda aka damƙa wa dukiyar mamaci. Na ƙarshe, sanarwar mutuwa a jaridun ƙananan garuruwa, inda ake lissafa 'ya'ya da jikoki.

Wadda muka samu ɗiyar autar ce, ta haura 70. Da ta buɗe littafin ta ga rubutun kawunta, sai ta ce hannunsa sak na mahaifiyarta. Ta daɗe ba ta ƙara cewa komai ba.

Abu ɗaya: duba ko ɗan Ingila ne ma. Akwai 'yan Ostareliya, Kanada, Afirka ta Kudu da Folan a wannan hanya. In ɗan Ostareliya ne ka huta, fayilolinsu da yawa suna intanet, ga kuma tsofaffin jaridunsu a shafin Trove.

Ɗan Yerwa

Ni nawa bai yi daɗi ba, amma gara ku ji. Na gano jikan ɗan'uwan wani matuƙi da aka binne a nan Maiduguri. Murna ta ɗebe ni, na tura masa saƙo ta Facebook da tsakar dare, na ce ni ɗan Najeriya ne, ina da muhimmin labari game da danginsa da ya rasu. Kun san yadda wannan ke sauka a kunnen Bature. Ya ɗauka damfara ce, ya toshe ni. Ban ga laifinsa ba, amma na kwana da abin a raina.

Da zan sake, takarda zan rubuta da hannu, gajeriya, in sa kwafin hoton, in faɗa tun a layin farko cewa ba na neman ko sisi. In akwai ƙungiyar binciken asali ko ta tsofaffin sojoji a garinsu, su zan roƙa su miƙa. Kuma in an yi maka shiru, ka haƙura. Wani gidan ciwon bai warke ba, wani kuma akwai abin da suka binne da ba sa so a tono.

Jikan Kuku, Fagge

Na gode, Yaya. Wallahi saura kaɗan in yi irin wannan.

Ɗan Zango, Sakande

Salamu alaikum 'yan'uwa na Arewa. Kakana yana cikin lebarorin da ke sauke akwatunan nan a tashar Takoradi. Ya ce katakon akwatin kaɗai ya isa a yi ɗaki da shi. Shekarun baya wata tsohuwa ta zo daga Ingila ganin kabarin yayanta, ni na yi mata jagora. Hanya ce ta biyu da ban ga an ambata ba: wani sa'in su ma suna nemanku. Ta ce ta yi shekaru tana saka sunansa a shafukan masu binciken asali ko wani zai amsa. Ka rubuta sunan da lambar a intanet haka kawai, ka ga ko wani ya riga ka cigiya.

Hajiya Ummi, Njamena

Ina karantawa ina hawaye, don nawa neman juyin naku ne. Baffana yana aikin ɗura mai a filin jirgin Fort Lamy, shi ne Njamena ta yau. Yana nan a Janairun 1942 lokacin da jirgin Jamus guda ɗaya ya ratso hamada ya jefa bam ya ƙone ma'ajiyar mai. Bayan haka ya bi Turawan zuwa gabas, aka ce Sudan, daga nan labari ya yanke. Mahaifina har ya koma ga Allah yana cewa ƙila yana da 'ya'ya a can.

Na je ofis uku. A ɗaya aka ce in kawo lambarsa. Wace lamba? Leburan da ake biya kullum ba shi da lamba, sunansa ma yadda kunnen akawu ya ji haka yake rubutawa, in ya rubuta ke nan. Abin da ya ɗan matsar da ni gaba bakin tsofaffi ne: wani dattijo a zangon Hausawa ya tuna laƙabinsa da sunan unguwar da ya sauka a Janaina. Yanzu da halin da Darfur ke ciki na dakata. 'Ya'yana, in kuna da tsoho a gida, ku ɗauki muryarsa a waya yau, ku tambaye shi sunaye da laƙabi da garuruwa.

Malamar Tarihi, Zariya

Hajiya, Allah ya sada ku. Turo mini laƙabin a keɓe, akwai wata abokiyar aikina 'yar Sudan da ke tattara tarihin bakin Hausawan can.

Jikan Kuku, Fagge

Jama'a na dawo, wata huɗu ke nan. Lambar ta fito da shi nan take: shekararsa 22, kabarinsa yana maƙabartar yaƙi ta Khartum. Kwanan watan ya nuna ko mako bai yi ba da barin Kano. Da na karanta wa Baba, sai ya cire hularsa ya yi shiru, can ya ce, "Ashe Malam bai yi ta jira a banza ba, yaron ba mantawa ya yi ba."

Na bi ta wajen mata kamar yadda Baƙon Bamingam ya nuna, shi ma ya taya ni da rajistar 1939, Allah ya saka masa. Yaya mace ɗaya gare shi, ta rasu, ɗiyarta tana raye. Na rubuta takarda da hannu, na sa kwafin hoton. Sati biyar shiru, sai shekaranjiya amsa ta zo. Ta ce irin hoton nan yana rataye a falon kakarta har ta mutu. Ta roƙi kada mu buɗe wasiƙar, kuma dama ba mu buɗe ba. Ta kuma tambayi cikakken sunan kakanmu da ko muna da hotonsa. Ba mu da shi, bai taɓa ɗauka ba, sai Baba ya ce a tura nasa tunda kowa na cewa shi ya ɗebo kamanninsa.

Saura aikawa. Ina tsoron takardar, ta yi laushi sosai, gefenta har ya fara marmashewa. Akwai mai tafiya Ingila daga Kano kafin ƙaramar Sallah da zai riƙe ta a jakar hannunsa?