Wata ne ke gudu ko gajimare? Ina neman dabara

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina koyarwa a wata lakkwal nan Damagaram. Wani ɗalibina ya tambaye ni me ya sa in gajimare na wucewa da dare sai a ga kamar wata ke gudu. Na ce masa ƙwaƙwalwa kan ɗauki babban abin da ya kewaye ƙarami a tsaye, sai ta ɗora wa ƙaramin motsin. Karl Duncker, wani masanin ilimin halayyar ɗan Adam, ya nuna haka a 1929. Yaron ya ce sai ya gani da idonsa, kuma yana da gaskiya.

Na ɗiga alli a allo, na ja kwali mai huji a kai, ba wanda ya ga kamar ɗigon ke motsi, don bango na nan a fili yana nuna kwalin ne ke tafiya. Ajinmu ba wuta. Don Allah, wace dabara za ta yi aiki a aji da rana?