Abin da 'yan Damagaram suka ce kan shirin nan mai sa tsigar jiki tashi

Jama'a, maganar da aka yi kan wannan shirin fim na ban tsoro ta yi tsawo, ga abin da na tsinto daga ra'ayoyin mutane.

1. Kowa ya yarda: kada a kalla ana cin abinci. Wani ya ce yana tsakar cin kilishi a fada, wato wurin hira, fatar wata mata a cikin shirin ta fara saɓulewa kamar tafasasshen tumatir, sai ya miƙa wa na kusa da shi ledar, ko shayin bai ƙarasa ba.

2. Ba na yara ba ne. Masu kallo a Netflix su sa lambar sirri. Kada kuma a bar salula a hannun ƙanne.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce labarin ba kai ba gindi, ƙazanta ce kawai. Wasu sun ce da gangan aka gina shi kamar mafarki, tsoron na ciwo ne da tsufa, jikinka ya ƙi bin umarninka. Ni ina ɓangaren na biyu, ko da yake sau biyu na kau da kai.

4. Masu raunin zuciya an tuna musu cewa roba ce da kwalliya da aikin kwamfuta, jinin ma yawanci ruwan sukari ne da launi. Wata ta ce sanin haka bai hana ta kwana da fitila ba, kuma ranar aka ɗauke wuta.

5. Rubutun fassarar Faransanci na ƙasan allo yana sauri, a riƙa tsayarwa. A sauke shirin inda akwai intanet mai ƙarfi, yana cin mega.