Maganar da aka faɗa mana a ranar makoki

Mai buɗe zance: 'Yan'uwa cikin Almasihu, ina roƙon waɗanda suka taɓa yin rashi su faɗa mana abin da masu ta'aziyya suka ce musu, ko ya ƙara musu ciwo ko ya sanyaya musu rai, domin Karin Magana 12:18 ya nuna akwai furucin da ke suka kamar takobi, akwai kuma harshen da ke warkarwa.

Wata uwa: Da ɗana ya rasu, wata da muke zumuntar mata tare ta riƙe hannuna, ta ce in binciki rayuwata ko akwai zunubin da ban tuba ba. A hankali ta faɗa, kuma ina jin da kyakkyawar niyya, amma na daɗe ban iya buɗe baki in yi addu'a ba, sai dai in kwana ina ƙirga laifofina. Abin da ya kwance ni shi ne Yohanna 9, inda almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba.

Wani dattijo: Sannu da haƙuri, 'yata. Cutar abokan Ayuba ce har yau take bin mu. Elifaz da Bildad da Zofar sun zauna tare da shi a ƙasa kwana 7, dare da rana, ba wanda ya ce uffan, kuma a ganina nan ne kaɗai suka yi daidai; da suka fara neman dalilin wahalarsa, sai ya kira su masu ta'aziyya masu ƙara baƙin ciki. Ranar da na rasa matata, ayoyi sun zubo mini ta ko'ina, amma wanda ya taimake ni wani tsoho ne da ya zauna kusa da ni ya ce, "Ban san abin da zan ce maka ba, amma ina nan."

Wata gwauruwa: Gaskiya ne, Baba. Ni kuwa ana ta ce mini mai bi ba ya kuka, sai matar fastonmu ta tsawata musu, ta tuna musu cewa Yesu kansa ya yi kuka saboda Li'azaru. Daga nan ta ambaci sunan mijina, wanda kowa ke tsoron furtawa a gabana, ta ba ni labarin yadda ya kwana a asibiti wurin ɗanta, abin da bai taɓa gaya mini ba.