Wane kaya zan tanada don hawan igiyar ruwa a Tynemouth cikin hunturu?

Sabon_Hawa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar hawan igiyar ruwa a teku mai sanyi. Wurin shi ne gaɓar Longsands da ke Tynemouth, kusa da Newcastle a arewa maso gabashin Ingila, daga Disamba zuwa Maris. Abin da ke hannuna rigar niyofirin ce, wato rigar roba ta shiga ruwa, mai kaurin 3/2, ta lokacin zafi, zif ɗinta a baya. Babu hula, babu takalmi. Za ta yi in na ƙara wata riga daga ciki? In ba za ta yi ba, me zan fara saya, tunda kuɗin ba zai isa a haɗa komai lokaci guda ba?

Baban_Gaɓa:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, ajiye 3/2 ɗin nan sai watan Yuli. Ruwan Tekun Arewa a wannan yanki yana sauka zuwa digiri 6 ko 7 na ma'aunin Celsius a Fabrairu da Maris, lokacin da ya fi sanyi ke nan a shekara, kuma ruwa ya fi iska saurin zuƙe zafin jiki wajen sau 25. Rigar da za ka ƙara daga ciki ba za ta cike wannan giɓin ba. In ta auduga ce ma, jiƙewa za ta yi ta tattare a hammata ta goge maka fata.

Abin da ake sawa a irin wannan ruwa 5/4 ne mai hula, ko 6/5 ga mai jin sanyi sosai. Lambar farko kaurin robar ƙirji da baya ce a milimita, ta biyun kuma ta hannuwa da ƙafafu, an rage ta don a iya tuƙa allon hawan igiyar ruwa da hannu. Amma kauri ba shi ne kan gaba ba. Niyofirin yana riƙe zafi ne saboda ƙananan kumfan iska da ke cikin robar, ɗan ruwan da ya shiga tsakaninta da fata kuma jiki ya ɗumama shi. Matsalar ita ce sabon ruwa ya riƙa shigowa yana korar wanda ya ɗumama. Rigar 6/5 da ta yi maka yawa, 5/4 da ta kama jikinka ta fi ta ɗumi nesa ba kusa ba. Don haka kada ka saya ba ka gwada ba. In ka sa, ka lura da wurare huɗu: ƙasan baya, hammata, bayan gwiwa, da wuya. Duk inda ka iya kamo roba da yatsu ta tashi kamar aljihu, nan ruwa zai taru. Ka ɗaga hannuwa sama ka juya su kamar kana iyo. Ta matse ka, amma kada ta hana ka numfashi sosai.

Sai ɗinki. Akwai wanda allura ke huda robar ta fita ɗaya ɓangaren, irin na rigunan lokacin zafi. Kowace huda ƙofar ruwa ce. Ka nemi wadda aka manne gaɓoɓinta da gam, aka ɗinke ba tare da allura ta ratsa ba, sannan aka bi bayan ɗinkin da tef daga ciki. Juya rigar ka duba da idonka. Zif kuma ya kasance a ƙirji. Na baya dogo ne, kuma duk sanda igiya ta danne ka ruwa zai zubo ta wuya ya bi gadon bayanka.

Game da kuɗi: riga da takalmi tare, ba a raba su. Takalmi milimita 5 ne mafi ƙaranci, 7 ya fi a Fabrairu. Ka ɗauki wanda ya kama ƙafa, don in ya yi yawa zai cika da ruwa ya riƙa lilo lokacin da kake miƙewa kan allo. Ƙafar rigar ce ke sauka a kan takalmin, ba takalmin a kan riga ba, in ba haka ba ya zama mazurari. Haka safar hannu, bakinta ya shige ƙarƙashin hannun riga.

Mai_Allo_Shuɗi:

Na yarda da Baba a kan komai sai dai in ƙara bayani a kan safar hannu, don nan mutane ke kuskure. Mai milimita 3 mai yatsu biyar tana yi zuwa ƙarshen Disamba. Bayan nan a koma 5, kuma wadda ta haɗa yatsu uku wuri guda ta ware babban yatsa da manuni ta fi ɗumi, saboda yatsun suna ɗumama juna. Kada ta matse wuyan hannu har jini ya kasa gudu. Safar da ta yi ƙanƙanta ta fi wadda ba ta da kauri sanyaya yatsu. Illar mai kauri ita ce nauyi, kafaɗa za ta gaji da wuri, sai a rage tsawon zama a ruwa.

Kada a manta da kunne. Yawan shigar ruwan sanyi da iska yana sa ƙashi ya riƙa tsirowa a cikin ramin kunne har ya ƙuntata shi, ruwa ya riƙa maƙalewa, ciwo ya riƙa dawowa. In ya yi nisa sai tiyata. Matoshin kunne na masu hawan ruwa, wanda ke barin sauti ya wuce, ba shi da tsada, a sa shi ƙarƙashin hula tun ranar farko.

Kakin da ake gogawa a allo don kada ƙafa ta zame shi ma na ruwan sanyi ake nema. Na ruwan ɗumi daskarewa yake yi ya zama sulɓi. A kankare tsohon, a fara da mai tauri a ƙasa, sannan mai laushin a sama.

Umman_Hanan:

Malam Sabon_Hawa, kaya rabin aikin ne. Shiga da fita ne ke kai mutane asibiti.

Minti ɗaya na farko da ruwan sanyi ya taɓa fuska, numfashi yana fizga da kansa, zuciya ta yi sauri. Kada ka faɗa da ka. Shiga a hankali, ka watsa ruwa a fuska sau biyu ko uku, ka jira numfashi ya daidaita kafin ka fuskanci igiya. A karon farko minti 40 ya isa. Alamun fita su ne yatsu sun kasa riƙe gefen allo, ko magana ta fara sarƙewa, ko ka ga kana kuskuren abin da ka saba yi. Kada a ce bari in ƙara ɗaya. Zafin cikin jiki in ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, kuma hankali ne ke fara raunana, mutum ba ya gane halin da yake ciki.

Bayan an fito, zafin cikin jiki yana ci gaba da sauka na ɗan lokaci, domin fata da gaɓoɓin da suka yi sanyi suna ci gaba da janye zafi daga ciki. Shi ya sa makyarkyata ke tsananta minti goma bayan fita, ba a cikin ruwa ba. Ka shirya komai kafin ka shiga: tawul, riguna a jere yadda za a sa su, hular ulu, filas na shayi mai sukari, da bokiti mai faɗi ko tabarmar roba da za ka tsaya a kai. Cire rigar zuwa ƙugu, goge jiki, sa riguna da hula, sannan ka koma kan ƙafafu. Kada ka shiga wanka da ruwa mai zafi sosai nan take, yana iya sa jiri. Kada ka tuƙa mota kana rawar ɗari.

Ka ci abinci mai nauyi awa biyu kafin shiga. In hunturu ya haɗu da azumi, a haƙura da teku da rana. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Newcastle, kuma yawancin gaɓoɓin Ingila ba su da masu gadin ruwa a hunturu, don haka kada ka shiga kai kaɗai. In wani abu ya faru a kira 999 a nemi hukumar gadin gaɓar teku (Coastguard).

Sabon_Hawa:

Allah ya saka da alheri, na gamsu. Saura ɗaya: yaya ake busar da rigar in za a sake shiga washegari?

Baban_Gaɓa:

Ɗauraye ta da ruwan famfo mai sanyi, ka juya cikinta waje, ka ninka ta daga ƙugu a kan sanda mai kauri. Kada ka rataye ta ta kafaɗa, nauyin ruwa zai ja robar ta saki. Ban da rana, ban da hita, zafi yana busar da gam ɗin ɗinki ya tsage. Bayan awa ɗaya ka matse ruwan da ya taru a bakin hannuwa da ƙafafu, ka kunna mata fanka. Takalma a kife su, a cusa takarda a ciki a canza ta kafin a kwanta.