Me ya sa Nargis ta bar fim bayan Mother India?

Ɗan Fagge: 'Yan uwa, Nargis, jarumar fina-finan Indiya, tana kan ganiyarta a 1957 da fim ɗin Mother India ya fito, sai aka daina ganinta. Me ya faru?

Hajiyar Zinder: Aure ne, malam. A fim ɗin Mother India, ana ɗaukar wurin da aka cinna wa tarin ciyawa wuta, sai wutar ta fi ƙarfin ma'aikata, ta yi mata ƙawanya. Jarumi Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. Ta yi jinyarsa, soyayya ta ƙullu, suka yi aure a Maris 1958. Shi ne fa ya fito a matsayin ɗanta Birju, alhali dukansu haihuwar 1929 ne.

Malam Na-Sinima: Ƙarin bayani, Hajiya: ba ta bari gaba ɗaya ba. Fim ɗin Raat Aur Din ya fito a 1967, ta taka mace mai hali biyu, kuma ita ce ta fara karɓar kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasar Indiya. Wallahi wasanta a nan ya cancanci a nema a kalla.

Hajiyar Zinder: Haka ne. Ta shiga majalisar dattawan Indiya a 1980, ciwon daji ya yi ajalinta ranar 3 ga Mayu, 1981.