Tsadar esansi a Maradi: kowa ya faɗi yadda ta same shi

Direban Hiace, layin Maradi zuwa Damagaram:

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu babura. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, ina so in ji yadda take a wurin kowannenku. Duk lokacin da na yi kukan tsadar mai, sai wani ya tuna mini cewa a watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauke litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma guda. Wannan gaskiya ne, kuma mun gode. Sai dai mu a Maradi ba da farashin gidan mai muka gina sana'armu ba, da man kwalba na 'yan ruwa-ruwa muka gina ta, wanda ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Ni da hannuna na sha sayen lita a kan dala hamsin zuwa sittin. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai a Najeriya wannan arha ta ƙaura, kuɗin da nake zubawa a tanki ya kusa ninkawa, alhali fasinja bai yarda a ninka masa kuɗin kujera ba. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Mai kabu-kabu, unguwar Zariya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka faɗa shi ne rayuwata. Babur ɗin da nake ja ba nawa ba ne, kowace yamma sai na kai wa mai shi kuɗinsa, ko na samu ko ban samu ba. A da da jika ɗaya, wato sefa dubu, nake cika tanki da safe in wuni ina zagaya gari neman fasinja, daga babbar kasuwa zuwa tasha, daga tasha zuwa Ali Ɗan Sofo. Yanzu jika ɗaya lita biyu take ba ni, saboda haka na daina yawon nema. Ina kafe babur a bakin kasuwa ƙarƙashin dogon yaro, ina jiran wanda zai kira ni. Idan hanya ta yi gangara sai in kashe inji in bar babur ya gangara da kansa, kuma na san ba abu ne mai kyau ba.

Abin da ya fi yi mini zafi shi ne ciniki da dattawa. Wata tsohuwa da nake kai wa asibiti tun shekaru, ranar da na gaya mata an ƙara dala goma, sai ta kwance bakin zanenta ta ƙirga silallan a tafin hannuna ɗaya bayan ɗaya, suka ƙare ba su kai ba. Na kai ta a tsohon farashi, kuma har yau haka nake kai ta, amma ba zan iya yi wa kowa haka ba.

Malamar firamare, Tibiri:

Ƙanena, Allah ya saka maka da alheri. Ni da ƙaramin babur nake zuwa aiki daga Maradi kullum, kuma albashi bai motsa ba. Ni da wata abokiyar aikina mun koma hawa babur ɗaya, wannan mako nawa, mako mai zuwa nata, muna raba kuɗin mai. Zumuncin ƙarshen mako kuwa, wanda a da ba na fashinsa, yanzu sai an yi haihuwa ko rasuwa.

Tsohon ɗan ruwa-ruwa, hanyar Ɗan Isa:

Ku ba ni dama in yi magana daga bayan tebur. Na shekara da yawa ina jera kwalabe a bakin titi, da mazurari da ƙyallen tacewa, kuma da wannan sana'a na yi aure. Mutane suna zaton mu muka ƙara kuɗi don son rai, alhali a can inda muke sarowa litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya a 2024 ta zarce naira 1,000. Ga rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya sa kowace jarka sai ta bi ta daji. Da kwalbata ta zo daidai da farashin gidan mai, wa zai tsaya wurina? Na kife tebur, yanzu ina dakon kaya a tasha. Ban musa ba cewa wasu daga cikinmu sun shiga gauraya mai don riba ta fito, kuma wannan zalunci ne ga mai abin hawa.

Dattijon direba, tashar Dakoro:

Ɗana, ka yi gaskiya da ka ambaci gaurayen, domin ni ya taɓa tsayar da ni a daji da fasinja cike da mota, inji yana tari, sai da aka ɗauko bakanike daga gari. Amma ni abin da ba zan manta ba shi ne ƙarancin watan Maris na 2025, wanda ya zo mana cikin azumi. Na shiga layi a wani gidan mai bayan sallar asuba, rana ta take, ƙarfen mota ba ya taɓuwa don zafi, muna tura motoci da hannu taku-taku don kada a ƙona ɗan abin da ya rage. Saura mota huɗu a gabana aka ce ya ƙare. A ranar na gane cewa farashin da ke rubuce a allo ba ya amfanar direba idan famfo a bushe yake.

Muna da matatar SORAZ kusa da Damagaram tun 2011, tana tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem. Shekara da shekaru ta wadatar saboda garuruwan bakin iyaka da yawa man Najeriya suke sha. Da dukanmu muka juyo gidan mai a lokaci guda, esansin da take fitarwa bai ishe mu ba. Fatana shi ne a ƙara ƙarfin tacewa, tun da man a ƙasarmu yake.

Direban Hiace:

Baba, na gode da wannan bayani, na gode wa kowa. Ni yanzu ba na tashi daga tasha sai kujera ta ƙarshe ta cika, ko da zan kai azahar, domin kujera biyu babu kowa su ne ribar tafiyar gaba ɗaya. Ina jiran jin ta bakin masu adaidaita, da manoman rani na Jiratawa masu ban ruwa da inji: lita nawa kuke ƙonawa a mako, kuma a ina kuke saye yanzu?